Takardar da na yi wa faɗa

Talata. Ƙarfe ɗaya na dare ya wuce, idona biyu.

Da yamma na ɗauko Sadiq daga makaranta. Tun da ya shigo mota bai taɓa waya ba na san da magana a bakinsa. Sai da danja ta tsayar da mu ya ce, "Umma, ina so in daina shan maganin nan."

Na ce, "Wanne?" kamar ban sani ba. Concerta ɗin nan, maganin ADHD (larurar rashin iya tattara hankali da kasa zama wuri ɗaya), da ke zaune kusa da burushinsa shekara huɗu ke nan, wanda in ya manta bai sha ba, kafin azahar malamai sun gane.

Ashe maganar soja da yake ta yi tun bara ba wasa ba ce. Ya sami jami'in ɗaukar sojoji da ke zuwa makarantarsu, har ya gwada ASVAB, jarrabawar shiga soja, kuma wai ya yi ƙoƙari. A nan Amurka ɗan shekara 17 yana iya shiga in iyaye sun sa hannu, in ya cika 18 kuwa ba ya buƙatar hannun kowa. Wata bakwai suka rage masa. Ya ƙirga, ni ma ina tuƙi ina ƙirgawa.

Muna isa gida ya buɗe min takardar ma'aikatar tsaro ta sharuɗɗan lafiyar shiga soja, mai lamba 6130.03, bugun 2018, ya ɗora yatsa kan layin ADHD. Yaron da ba ya iya gama shafi biyu na littafin tarihi, wannan kam ya haddace ta. Larurar ita kaɗai ba ta hana mutum shiga. Abin da ke hanawa shi ne in an rubuta maka magani cikin wata 24 da suka wuce, ko akwai wata matsalar ƙwaƙwalwa tare da ita, ko akwai shaidar karatu ko aiki ya taɓarɓare, ko kuma makaranta ta yi maka tanadi na musamman bayan ka cika 14.

Nan gabana ya faɗi. Takardar 504, ta irin wannan tanadin na makaranta. Ni na yi faɗanta. Yana shekara 15 na yi wata uku ina sintiri ofis ofis, har kuka na yi a gaban mutane, kafin a yarda a ƙara masa lokaci a jarrabawa, a kuma zaunar da shi a gaba, nesa da taga. Ranar da aka sa hannu na kira Yaya Hadiza ina ta murna. Yau ga ta nan ta tare masa hanya.

Bai ce laifina ba ne. Da ma ya faɗa, da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi, "Wani abokina ya ce kawai kar in gaya musu."

Na ce, "Haba Sadiq! Da ƙarya za ka je ka yi rantsuwa?" Ya sunkuyar da kai. Shi ma ya san ramin ƙarya ƙurarre ne, don da bakinsa ya gaya min tun 2022 likitocin MEPS, inda ake gwajin lafiyar masu shiga soja, suna amfani da tsarin Genesis, wanda ke jawo musu tarihin magungunan da aka rubuta wa mutum. Kuma wanda ya ɓoye, ko ya riga ya sa kaki ana iya korarsa.

Akwai neman sassauci, kowane reshen soja da masu yanke nasa hukuncin, kuma abin da suke son gani shi ne mutum ya riƙe karatu ko aiki ba tare da magani ba. To lissafinsa ke nan. Ya ajiye ƙwayar yanzu, a ajin ƙarshe, lokaci ya fara tafiya.

 

Na tura wa Abbansu saƙo wajen aiki, ya amsa da "sai na dawo".

Abin da ya hana ni barci ban gaya wa kowa ba. Lokacin da ya nuna min layin nan, kafin tausayinsa ya kama ni, wani sanyi na fara ji. A raina na ce Alhamdulillahi, ba za su ɗauke min shi ba. Yana tsaye a gabana ido ya yi ja, ni kuma ina hamdala.

Mun yi da shi ba zai canza komai ba sai mun ga likitarsa ranar Alhamis. Ya ce to, irin "to" ɗin nan nasa mai sauri. Ɗazu na lallaɓa banɗaki na juye kwalbar a tafin hannuna. 19. Da safe zan sake ƙirgawa.