Laraba: jan da ya dushe

Aikin yau kaf a kusurwa ɗaya ya ƙare, ƙasan hagu na ƙyallen da nake zane a kai. Jan da jiya yake ci kamar garwashi, yau ya koma kalar bulo. Kafin in taɓa buroshi sai da na rubuta dalilan a littafin aiki, su biyu ne.

Na farko, fentin akirilik yana ƙara duhu in ya bushe. Danƙon da ke riƙe garin launin fari-fari ne kamar madara idan yana jiƙe, da ya bushe sai ya washe, hasken da ya ara wa launin ya tafi. Don haka kowane haɗi a shafa ɗan tabonsa a takarda mai kauri, a jira minti 30 kafin a yanke hukunci. A gefen tabon a rubuta awo: ja kashi 3, fari 1, ɗigon shuɗi.

Na biyun ya fi nauyi. Zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai ba shi da fuska ko bishiya da za ta riƙe idon mai kallo, launi da maƙwabcinsa ne ke ɗauke da aikin duka. Abin da Josef Albers, mai zane kuma malamin zane, ya nuna ke nan a littafinsa na 1963: yanki biyu na takarda mai launi ɗaya, a ɗora su kan shimfiɗa daban-daban, sai ido ya rantse launi biyu ne. Jan da ke ƙyallena ruwan lemo ne ya kewaye shi, ya shanye masa zafi. Na ɗauki hoto da waya na mai da shi baƙi da fari, sai iyakar da ke tsakaninsu ta ɓace, wato haskensu ɗaya ne.

Ƙara ja ba zai yi magani ba, kauri kawai zai ƙaru. Sai na canza maƙwabcin: fari kashi 4, baƙi 1, kore ɗan abin da bakin wuƙa ya ɗauko, ya ba da ruwan toka mai sirkin kore. Shafi biyu marasa kauri, na farko ya bushe sarai kafin na biyu. Kada a kuskura a taɓa gefen jan yana jiƙe, kore da ja in sun cakuɗu laka suke zama, kuma ba ta gyaruwa sai an rufe wurin an sake.

Jan ya farfaɗo ba tare da an taɓa shi ba. Da na juya ƙyallen sama ta koma ƙasa, sai na ga hagu ta rinjayi dama. Na ja layi da fensir a littafi inda baƙi zai shiga gobe, faɗin yatsa biyu.