Ranar da na juya takalmi

Asabar, da daddare.

Yatsuna duk sun yi kanta, da ƙyar nake riƙe wayar nan. Tun bayan sallar asuba nake zaune a kicin da fata da basilla, don saura mako uku bikin garin Tewkesbury na Ingila, inda duk watan Yuli ake kwaikwayon yaƙin da aka gwabza a 1471 tsakanin gidan sarautar York da na Lancaster. Ni a matsayin maharbi nake fitowa a ɓangaren York. Riga da wando na ulu sun kammala tun watan jiya, takalmi ne ya tsaya min a wuya.

Dattijuwar da ke duba kayanmu ba ta da sassauci. Ɗinkin keke ba ya wucewa, roba kuwa ko a mafarki. Na so in yi da jar fatar akuyar Sakkwato da na taho da ita daga gida, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko don ta can take biyowa bayan ta ƙetare Sahara. Ta shafa, ta yaba, ta ce a'a: takalman wancan zamani da aka tono a bakin kogin Thames a Landan yawancinsu fatar shanu ne. Na haƙura na sayi ta maraƙi, jimar ɓawon itace.

Yadda mutanen wancan zamani suke yi shi ne a ɗinka takalmin a bai-bai, ciki a waje, a haɗa saman takalmin da tafi ɗaya tal, babu tudun dunduniya. Basillar ba ta huda tafin ta fita ƙasa. Ta gefen kaurin fatar take ɓullowa, don kada zare ya taɓa ƙasa ya cinye. Zaren lilin ne, a murza shi da kakin zuma. Su a da, gashin aladen daji suke liƙawa a bakin zaren a madadin allura. Nan kam na ce a kai kasuwa, na yanko zaren kamun kifi, kuma ya yi aiki sarai.

Da la'asar na gama ƙafa ɗaya, na jiƙa ta a roba har ta yi laushi, na fara juyawa daga dunduniya. Da na iso wajen yatsu sai ta cije. Na tura, na ja, gumi har cikin ido. Dole na kira Kawu a Kano, wanda ya gaji dukanci wurin kakanmu, sana'ar da nake gudu ina yaro saboda warin jima.

Ya kalli abin ta bidiyo ya yi dariya har da tari. "Kai ɗan nan, abin da ka guda a gida shi ka je Ingila kana koya? Ƙara jiƙa ta, ka sa ƙotar muciya ka tura a hankali. Fata ba ta son gaggawa."

"To Kawu, Allah ya ƙara girma."

Muciyar maiɗakina na ɗauko, tana harara ta. Minti goma sai ga hancin takalmi ya fito fes, ɗinki duk ya koma ciki.

Hancin ma gajere na yi. Masu kuɗin lokacin suna sa mai dogon baki kamar ƙaho, a cusa masa gansakuka don ya miƙe, har sai da Sarki Edward na huɗu ya kafa doka a 1463 cewa wanda bai kai babban basarake ba kada nasa ya wuce inci biyu. Maharbi talaka ina shi ina wannan ƙawa.

Sai da na zura ƙafa na gane ɓarnar da na yi. In an juya, dama kan koma hagu. Wadda na ɗinka da niyyar dama ta fito hagu, ɗaya fatar kuma da na riga na yanka iri ɗaya da ita, ita ma hagu za ta bayar. Maiɗakina ta ce in nemi wani maharbin mai ƙafar dama biyu mu yi musaya.

Na ɗan taka a kan ciyawar bayan gida da guda ɗayan. Santsi kamar kuɓewa, kuma kowace tsakuwa sai na ji ta a tafin ƙafa. Shi ya sa mutanen da suke ɗora takalmin katako a ƙarƙashi in an yi ruwa. Ragowar fatar da ƙyar za ta isa; Litinin zan sake yanka, wannan karon da alli zan rubuta "dama" a kai.