Kantar ƙanƙara da muka haɗa wa butik ɗin Kawu a Garwa

Salamu alaikum jama'a. Duk wanda ya taɓa yin bazara a Garwa ya san abinda nake nufi in nace Maris da Afrilu, lokacin da tun ƙarfe goma na safe kujerar moto bata zaunuwa, zafi ya haura digiri 40, ga kuran, wato wutar lantarki, yau akwai gobe babu saboda ruwan Lagdo ya ja baya, dama tun 1982 da aka gama dam ɗin kusan duk arewacin Kamaru a kansa muka rataya, sai daga baya aka ƙara da sola a Marwa da Gider. To a irin wannan lokacin ne Kawuna mai ɗan butik a wajen Yelwa ya zubar da kosam, wato nono, da yawur har sau biyu cikin sati ɗaya, wallahi ranar ta biyun da na ga yana juye robobin a kwata bai ce wa kowa komai ba sai da abin ya tsaya min a rai kwana da kwanaki.

Yana da kongilater, wato firiza, kuma kongilater in ka rufe shi baka buɗewa yana riƙe sanyi sosai, matsalar ita ce mai wucewa baya ganin abinda ke ciki. Ita kuma firigo mai ƙofar gilashi ana ganin kaya tas amma da an ɗauke wuta 'yan awoyi kaɗan ta koma kabad. Kawu yace min, ɗana ni abinda nake so shine mutum ya hango folere, wato zoɓo, da kosam sun yi raɓa tun daga bakin titi, ko da kuran ko babu. Nace Kawu to mu haɗa vitirin da zata yi aiki da ƙanƙara mana, kanta mai gilashi a gaba, in an kawo wuta da dare kongilater ya daskarar mana da ƙanƙara, in ba a kawo ba mu saya wajen masu gurup, wato janareta, da rana ita kuma ta riƙe mana kayan.

Abin ba sabo bane fa. Kafin firigo ta shiga shaguna haka mahauta da masu kifi a Amurka da Turai suke yi, har kasuwancin ƙanƙara ake yi tsakanin ƙasa da ƙasa, wani ɗan Boston mai suna Frederic Tudor tun 1806 ya fara loda ƙanƙarar tafki a jirgin ruwa zuwa Matinik, a 1833 ya aika har Kalkata ta Indiya, tafiyar wata huɗu, tan 180 aka loda wajen tan 100 ya isa, kuma garin katako ne ya rufa masa asiri. A 1917 kuma Harry Hussmann a garin St. Louis ya yi rajistar kantar nuna nama mai aiki da ƙanƙara da gishiri. Wato mutanen nan sun riga sun sha wahalar abin sun gano dabarunsa, mu ne dai muka fara namu da ka.

Ta farko da muka yi bata yi ba. Kafinta ya haɗa akwatin katako, mai walda ya shimfiɗa tol, wato falle na ƙarfe, a ciki, muka sa gilashi ƙato guda ɗaya a gaba da wani a sama don kaya su fito da kyau, ƙanƙara kuma muka jibge ta a can ƙasa muka jera kaya a kan kantoci a samanta. Kafin azahar ƙanƙara ta zama ruwa, robobin da ke ƙasa sun yi sanyi, na sama kuwa kamar ka ajiye su a kan tebur. Na sa tamomita, wato ma'aunin zafi, a kantar sama na ga abin ba daɗin faɗi, a nan ne na koma na tono ɗan fizik ɗin da muka yi a lise, wato sakandare, na zauna da biro da takarda.

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe, iska mai sanyi nauyi gareta, ƙasa take yi, mai zafi ita ke hawa sama. In ka sa ƙanƙara a ƙasa sanyin nan zai kwanta a wurin kamar ruwa a kwari, babu abinda zai ɗaga shi ya kai wa kayan sama. Shi yasa tsofaffin akwatunan ƙanƙara a sama ake yi musu ɗakin ƙanƙara. A kanta kuwa tunda baka so ka tare wa mai saye gani, sai ka yi ɗakin a gefe ɗaya ko ta baya wajen mai shago amma a ɗage, ka raba shi da wajen kaya da 'yar katanga wadda bata kai sama ba bata kai ƙasa ba, ka bar kafa kamar faɗin tafin hannu sama da ƙasa. Iskar da ta ɗumama a wajen kaya sai ta hau ta shiga ta kafar sama, ta shafi ƙanƙara ta yi nauyi ta gangara ta fito ta kafar ƙasa ta bi ta cikin kaya, haka zata yi ta zagayawa da kanta ba fanka ba batir. Kuma kantocin da ake jera kaya dole su zama na waya ko masu ramuka, in ka sa faranti rufaffe ka yanke wa iskar hanya, haka in ka cusa kaya har suka toshe kafar ƙasa.

Akwai wani abu da muka yi ta ja da Kawu a kansa. Shi ya saba ganin masu ƙanƙara suna naɗe ta a buhu da garin katako don kar ta narke, sai ya ce mu ma mu naɗe tamu a cikin kantar. Nace Kawu ka yi haƙuri, wancan ajiya suke yi, mu aiki muke so ta yi mana, kuma aikinta shine narkewar. Kilo ɗaya na ƙanƙara kafin ya narke yana shanye zafi kilojul 334, wato daidai zafin da zai ɗauki ruwa kilo ɗaya daga digiri 0 ya kai shi 80, kuma wannan zafin daga jikin yawur ɗinka take zuƙo shi. In ka naɗe ta zata kwana lafiya lau amma kayanka su lalace a gefenta. Wadda ke jiran layi ita ake naɗewa a ajiye a waje, ta cikin kanta tsirara ake barinta a kan raga.

Yanzu ga inda na fi so ku tsaya ku duba da kyau, maganar gilashi, don ni a ganina nan ne duk rigimar take. Gilashin nan shi ke sayar maka da kaya kuma shi ne ke cinye maka ƙanƙara. Na yi lissafi da kaina, na ɗauka waje digiri 35 ciki digiri 5 dare da rana. Bango da ƙasa da murfi gaba ɗaya murabba'in mita 3, in ka sa musu farin soson nan polistiren irin na cikin kwalin talabijin mai kaurin santimita 5, zafin da zai ratso a kwana ɗaya zai narkar da wajen kilo 16, in ka ninka kaurin ya zama santimita 10 sai ya dawo wajen kilo 8. Amma gilashi falle ɗaya mai rabin murabba'in mita kacal, shi kaɗai zai ci sama da kilo 20 a kwana. Kun gani ko, ɗan gilashin nan ya fi duk bangon ɓarna, mu kuma da muka tashi muka sa har biyu manya. In ka yi shi falle biyu da iska a tsakani sai ya sauko wajen kilo 11. Saboda haka a ta biyun muka cire na sama gaba ɗaya muka mai da wurin murfi mai soso, na gaban muka rage shi ya zama daidai inda ido ke sauka, muka kishingiɗar da shi kaɗan, muka yi shi falle biyu.

Tazarar da ke tsakanin fallayen santimita ɗaya zuwa biyu ta isa, in ta yi faɗi da yawa iskar ciki zata fara juyawa tana kwaso zafi daga wannan falle zuwa wancan. A liƙe gefen da silikon sosai, a jefa 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi ko na magani a ciki kafin a rufe, kuma in da hali a yi wannan aikin da hunturu lokacin da iska take a bushe ƙarau, don in ka rufe iskar damina a ciki gilashin zai riƙa gumi ta tsakiya inda tsumma baya kaiwa. Falle biyun yana kuma rage gumin waje, wanda da damina yake rufe kaya ruf mai saye baya ganin komai.

Wanda bai samu polistiren ba, ɓuntun shinkafa ko garin katako busasshe suna yi, sai dai a ƙara kauri kuma a kiyaye su da ruwa, don da sun jiƙe sun tashi daga aiki, ga ruɓar da katako. Mu leda mai kauri muka shimfiɗa ta ɓangaren waje kafin soso. Cikin kuma in aljihu zai ɗauka inoks, wato ƙarfen da baya tsatsa, ya fi, in ba haka ba tol galbanize, amma a haɗa kusurwoyin da kyau kar ruwa ya samu hanyar shiga bango.

Sai ruwan da ke narkewa. Mutane suna raina wannan amma shi ke sa kanta wari. Ƙarƙashin ragar ƙanƙara a sa tire mai gangara zuwa kusurwa ɗaya, a sa tiyo, tiyon kuma kar a barshi a miƙe, a lanƙwasa shi kamar harafin U yadda ruwa zai riƙa tsayawa a gwiwar kullum, irin sifon na lavabo, wato kwanon wanke hannu. In babu wannan gwiwar, sanyinka zai riƙa zurarewa ta ramin, zafi da kyankyasai su shigo. Kuma ruwan nan da ya narke har yanzu kusan digiri 0 yake, asara ce ka barshi ya tafi kwata haka nan, mu sai muka bi da shi ta wani kwano mai zurfi a ƙasan kantar inda muke tsoma kwalaben jus da ruwan leda kafin ya cika ya fita. Abin da yake a rufe kawai ake tsomawa fa, don baka san da wane ruwa aka yi ƙanƙarar da ka sayo ba. Duk sati a wanke tire da tiyo da ruwan jabel, wato bilic.

Ƙofa ta baya take, ƙarama, kuma in zata buɗu ta sama ya fi, don ƙofar gefe kana buɗewa sanyi ke zubowa ƙasa. A sa mata robar baki irin ta tsohuwar firigo, masu gyara suna da su. Fitila LED kawai, ita ma 'yar ƙarama. Rana kuwa ko kaɗan kar ta taɓa gilashin, butik ɗin Kawu yamma yake kallo, sai da muka ja kantar ciki muka ƙara rumfar zana a gaba.

Wani abin da ke cin ƙanƙara a ɓoye shine kaya masu zafi. Folere lita 20 da ka ɗauko yana digiri 35, kafin ya sauko 5 zai narkar da kilo 7 da rabi shi kaɗai. Don haka matar Kawu yanzu da yamma take dafawa, ya huce ya kwana a randa ko a kongilater in akwai kuran, da safe ya shiga kanta da sanyinsa. Ƙanƙarar ma babban dunƙule muke sawa don ya fi daɗewa, dakakkiya tana saurin sanyaya wuri amma tana saurin tafiya.

Maganar gishiri da wasu ke cewa a barbaɗa, gaskiya ne ƙanƙara da gishiri suna iya sauka har digiri 21 ƙasa da sifili, masu haɗa kirem da hannu da shi suke aiki, amma ƙanƙarar zata ƙare da wuri kuma ruwan gishiri yana cin tol, mai kosam da jus bai da buƙatarsa. Kifi kuma lissafinsa daban ne, karfasa da giwan ruwan da ake kawowa daga Lagdo ba iska mai sanyi suke so ba, so suke a kwantar da su a cikin dakakkiyar ƙanƙara tana taɓa jikinsu sama da ƙasa, ruwan yana tsiyayewa yana fita, wato tire ne mai gangara da gilashi a gaba. Kuma dan Allah kar a haɗa kifi da kosam a kanta ɗaya, nono yana ɗaukar ƙarni nan da nan. Nama shi kuma akasin kifi, kar ruwan ya taɓa shi.

Abinda bazan ɓoye muku ba, kantar ƙanƙara bata kamo firigo mai aiki, iskar cikinta yawanci tsakanin digiri 5 ne da 10, alhali kayan nono ƙasa da 5 ake so su zauna. Shi yasa yawur da kosam muke jera su a ƙasa dab da kafar da sanyi ke fitowa, jus da ruwa a sama, kuma Kawu baya ɗaukar abinda ya wuce cinikin yini ɗaya. Tamomita tana rataye a ciki ta inda yake hangota daga kujerarsa, nace masa Kawu in ka ga ta haura 8 kar ka jira ni, ka buɗe buhu ka ƙara dunƙule. Yanzu da la'asar yake ƙara na biyu, in ya tashi rufe shago kuma ya lulluɓe gilashin da wani guntun soso da muka yanka daidai girmansa, sauran ƙanƙarar ta kwana a ciki.