Yadda na haɗa allon konhol na gidanmu saboda taron bazara

Duk wanda ya zauna a Amurka ya san da zarar watan Yuni ya kama mutane sai su fito waje kamar an buɗe musu ƙofa, kowa ya jawo abin gashin nama harabar gidansa, kuma da wuya ka je irin wannan taro a nan Ohio baka ga alluna biyu masu rami an jingine a kan ciyawa ana ta jifansu da 'yan ƙananan jakunkuna ba. Konhol kenan. Mutanen Sinsinati, wani birni a nan jihar Ohio, suna ji da wasan nan sosai don a unguwannin yammacin birnin ya yi ƙarfi kafin ya bazu ko'ina, yanzu har ƙungiyar ƙwararru gare shi wadda aka kafa a 2015, ana nuna gasarsu a tashar ESPN.

Ni dai abin da ya ja ni gare shi daban ne. Daga 2023 zuwa 2025 Babbar Sallah ta riƙa faɗowa a cikin Yuni, mu kan taru da 'yan uwa na Najeriya da Nijar da Gana a gida ɗaya, a gasa nama a sha zoɓo da kunun aya, amma in an gama ci sai kaga samari sun tafi ƙwallo, yara kowa ya sunkuya kan waya, dattawa na gefe guda mata na ɗaya gefen, taro ya rabe gida huɗu. Wasan nan shi kaɗai na gani wanda su Alhaji masu ciwon gwiwa da yarinya 'yar shekara bakwai za su tsaya layi ɗaya suyi, babu gudu babu ture-ture, mutum da babbar rigarsa ko mace da mayafinta za ta yi shi tsaf. Shi yasa nace sai mun mallaki namu, kuma na hannu nake so ba na kanti ba, don masu arahar nan na kanti basu da nauyi, kana jefa jaka sai allon ya yi tsalle jakar ta yi nata waje.

Toh ga awon, dan Allah kar a yi masa gyaran fuska don duk daɗin wasan a nan yake. Kowane allo faɗinsa ƙafa 2 tsawonsa ƙafa 4, wato wajen santimita 60 da 120. Ramin faɗinsa inci 6, tsakiyarsa inci 9 daga saman allon, inci 12 daga kowane gefe. Bayan allon ya tashi inci 12 daga ƙasa, gaban kuma inci 3 zuwa 4. Manyan shagunan kayan gini irin su Home Depot da Lowe's duk suna saida filawud da aka riga aka yanka ƙafa 2 da 4, ka ɗauki biyu ka huta da yankan babban falle. Ka nemi mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, in kuma mai rabin inci ka samu to lallai ka gitta masa katako a ƙasa ta tsakiya, in ba haka ba zai riƙa girgiza.

Firam ɗin da katakon da suke kira tu-bai-fo ake yi. Biyu masu inci 48 na gefe, biyu masu inci 21 na sama da ƙasa, 21 ɗin ba kuskure bane, ainihin kaurin katakon inci ɗaya da rabi ne saboda haka in ka haɗa da na gefe biyun sai ya cika 24 cif. Ka fara huda kafin ka ɗaura sukuru don kar katakon ya tsage, kuma ka nutsa kawunansu cikin filawud ɗin ka cike gurbin, don kan sukuru ɗaya in ya leƙo ya isa ya yaga jaka. Ramin kuma in kana da zarton zagaye na inci 6 da ake ɗaura wa injin huda shikenan, in babu ka zana da'ira ka bi ta a hankali da ƙaramin zarton lantarki, sannan ka bi bakin da samfefa har sai ka shafa da hannu kaji babu kaifi.

Ƙafafun su ne ke ba mutane wahala. Ana so su riƙa naɗewa ciki don ajiya, saboda haka a zagaye kan kowace ƙafa a ɗaure ta da ƙusa mai noti. Dabarar da wani maƙwabcina kafinta ya nuna min ita ce ka bar ƙafar da tsawonta, ka ɗora allon kan tebur, ka tallafe bayansa da akwati ko gwangwanin fenti har ya kai inci 12 daidai, ka saki ƙafar ta sauka ta gefen tebur, sai ka ja layi da fensir daidai inda ta haɗu da saman tebur ka yanke nan. Ba lissafin kusurwa ba komai, kuma za ta zauna daram.

Inda nake so a ɓata lokaci shi ne fuskar allon. Wasan gaba ɗaya ya dogara ne kan yadda jaka ke zamewa, in santsin ya yi yawa duk abin da aka jefa sai ya sulale ya dawo ƙasa, in ya yi ƙanƙanta kuma jaka ta maƙale inda ta faɗi, babu mai iya turo ta rami. Ka goge da samfefa mai laushi, ka shafa fenti mai ɗan sheƙi ba mai walƙiya sosai ba, in ya bushe ka bi da man ƙyallin katako irin wanda ake haɗawa da ruwa, shafi-shafi kana bari yana bushewa tsakani. Gwajin kuwa mai sauƙi ne, ka aje jaka a saman allon ta zauna bata zame da kanta ba, amma in ka ɗan tura ta da yatsa ta tafi. Namu kore da fari na yi wa ɗaya, 'yan Nijar suka ce basu yarda ba sai an sa ruwan lemo a ɗayan, haka aka yi kuwa, yanzu kowa ya san allonsa.

Jakunkuna guda takwas ne, huɗu-huɗu kala biyu, uwargida ce ta ɗinka su a kekenta. Yadi mai kauri irin na tanti ake nema, atamfa ba za ta kai ko'ina ba. A yanka inci 7 kowane gefe, in an ɗinke ya dawo 6, a yi ɗinki biyu-biyu don ta bakin ɗinkin suke fashewa. Kowace jaka nauyinta wajen giram 450, kusan kofi biyu na busasshiyar masara kenan, amma kar a dogara da kofi a ɗora kowace kan sikelin kicin, don hannu yana gane bambanci ko da kaɗan ne kuma rigima ake yi a kai wallahi. Masarar dabbobi ake saye a shagon manoma, a sa ta firiza 'yan kwanaki saboda ƙwari. Wasu sun koma zuba ƙwayoyin roba don ruwa baya musu komai, ni dai masarar nafi so, tana fitar da wata 'yar ƙura a kan allo da ke ƙara masa santsi mai daɗi. Sai dai in ta jiƙe fumfuna take yi, kuma kurege da ɓeraye suna sonta, saboda haka ana gama wasa a kwashe a zuba a bokiti mai murfi.

Tsakanin gaban allo da gaban allo ƙafa 27 ne, mita takwas da 'yan kai, yara kuma a matso musu zuwa ƙafa 12 ko 15. Daga ƙasa ake wurgawa ba ta saman kai ba, gwanaye suna ɗan murza ta ta tafi a kwance tana juyawa. Ta shiga rami maki 3, ta tsaya kan allo maki 1, in ta fara taɓa ƙasa kafin ta hau ba'a ƙirga ta, a ɗauke ta. Sannan maki cinye juna suke, in kun samu 7 su sun samu 4 to ku 3 kawai za'a rubuta muku su babu, haka har wani ya kai 21. Wannan ne ke sa wasa ya yi zafi, don ana iya bugo jakar abokin hamayya ta faɗo ƙasa ko a tare masa bakin rami, kuma wata Hajiya a cikinmu ta ƙware a tarewar nan har samari na gudun a haɗa su da ita.

In kuna da yara ƙanana ku aje allunan yadda ba za su riƙa gittawa ta tsakiya ba, kuma kar allo ya fuskanci inda ake gashi. Lokacin sanyi a naɗe ƙafafun a jingine su a gareji nesa da danshi, fuska na kallon fuska da tsohon bargo a tsakani don kar fentin ya karce.