Asabar a kan tebur: shasin Dart a ƙarƙashin bodin Barracuda

Aikin yau haɗa kwali biyu ne na ƙananan motocin roba, irin waɗanda ake sayowa gunduwa-gunduwa a harhaɗa, su zama mota ɗaya. Bodin na Plymouth Barracuda ta 1969 ne, daga tsohon kwalin da kamfanin MPC suka ƙera. Shasi, injin da kujeru kuma daga kwalin kamfanin Revell na Dodge Dart ta 1968 mai injin Hemi. Dukkansu ma'aunin 1/25 ne, wato duk milimita 25 a jikin motar gaske milimita ɗaya ce a kan tebur. Abin da nake son fitarwa ita ce Barracuda ta tsere ta 1968 mai lamba BO29, irin wadda Chrysler ta ba kamfanin Hurst ya haɗa domin tseren miƙaƙƙen layi a Amurka: ƙaramar mota da aka cusa wa injin Hemi 426, mai lita 7.

Dalilin aron shasin a fili yake. Siffar tsohon bodin tana da kyau, amma kayan ƙasansa sama-sama aka yi su, kamar yadda aka saba a kwalayen wancan zamanin. Na Revell kuwa komai daban yake zuwa, sifirin da aksul da farfela da bututun hayaƙi. Kuma motocin biyu 'yan gida ɗaya ne a Chrysler, tsarin ƙasansu iri ɗaya ne, saboda haka aron bai saɓa wa gaskiya ba.

Da safe da awo na fara, kafin in taɓa gam. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Dart inci 111 ne, a Barracuda 108. Inci uku ke nan, wanda idan aka raba da 25 ya zama milimita 3 da ɗan ɗigo. A tebur, shasin Dart yana da kusan milimita 112.8, bodin kuma yana neman 109.7. Mutum zai ce milimita uku ba komai ba ce, amma idan aka daidaita tayar gaba a tsakiyar bakin fenda, ta baya sai ta koma tana gogar bodi ta baya, kuma ido yana kama wannan daga nesa, tun kafin ya lura da fenti ko injin. Ga wanda ba ya son yanka, akwai shasin Plymouth Duster ta 1971 na kamfanin AMT, ita ma inci 108 ce. Sai dai injinta ƙarami ne, 340, don haka dole a sake neman Hemi a wani kwalin. Ni na gwammace in yanka.

Lissafin littafi ba shi ne alƙali ba, bodin ne. Tsofaffin bodi ba kullum suke bin awon gaske daidai ba. Na manna kayan ƙafar gaba da na baya da ɗan farin gam na katako, wanda ake iya ɓamɓarewa daga baya, na ɗora bodin, na sa alamar fensir a tsakiyar kowane bakin fenda, sannan na auna tazarar da aksul ɗin baya ya wuce alamar. Ta fito dab da milimita uku, dama da hagu.

Wurin yanka yana da muhimmanci. Gaban waɗannan motocin ba sifirin mai murɗiya ke ɗauke da shi ba, dogayen sanduna biyu ne masu murɗewa da suka miƙe zuwa wani ƙarfe da ya gitta ƙarƙashin kujerun gaba. Bayan kuma sifirin mai ganye ne. Tsakanin wannan ƙarfen da inda sifirin baya ya kama akwai fili shimfiɗaɗɗe, nan ne ake cire yankin. Na ja layi biyu da rula ta ƙarfe, tazarar milimita 3, na duba da sukwaya cewa sun gitta shasin daidai. Zarton masu wannan aiki siriri ne, duk da haka yana cin kusan sulusin milimita a kowane yanka, shi ya sa ake yanka ta cikin layukan, ba a kansu ba. Ragowar sai a goge a kan samfefa mai lamba 400 da aka manna a kan gilashi, ana jan guntun shasin a tsaye. Wanda ya riƙe samfefar a hannu zai sami baki mai lanƙwasa, haɗin ya buɗe a gefe, motar ta fito tana tafiyar kaguwa.

Wajen haɗawa, gam mai ruwa-ruwa na Tamiya Extra Thin na sa. Ba manna roba yake yi ba, narka fuskokin biyu yake su zama abu ɗaya, shi ya sa ake haɗa guntayen tukuna sannan a taɓa burushi a kan tsagin, ruwan ya bi da kansa. Shasin yana kwance a kan gilashi, da nauyi a kansa. Supa gulu yana kamawa nan take, amma haɗin baki da baki irin wannan yana karyewa da zarar an buɗa bodi za a tura shasi ciki. Ta sama na ƙara ƙarfi da falle biyu na robar Evergreen mai kaurin rabin milimita. A nan akwai tarko: daɓen cikin mota a kan wannan wurin yake zama, idan fallen ya yi kauri sai ya ɗaga daɓen, daɓen ya ɗaga gilashin motar, bodin ya ƙi sauka ta baya. Don haka fallen gajeru ne, an goge gefunansu sun kwanta. Haɗin sai ya kwana kafin a matsa masa.

Duk abin da ya bi tsawon shasi shi ma sai an rage shi. Farfela na cire mata milimita 3 daga tsakiya, na huda ɓangarorin biyu na sa guntun waya a ciki don kada ta karkace. Wutsiyar shasin ma ta ɗan fi bodin tsawo, an goge ta kaɗan-kaɗan har ta shige bayan bamba.

Bayan azahar na koma kan injin, wanda shi ne daɗin aikin. Hemi faffaɗan injin ne ƙwarai, har a motocin gaske sai da aka daddoki hasumiyar shokazoba ta dama da guduma kafin ya sami wuri. A roba ma haka abin yake: murfin kan injin na dama da bututun hayaƙi su ne ke fara taɓa bango. Ba a goge injin, bangon ake kankarewa ta ciki da bayan reza, a gwada, a sake kankarewa. Gwajin kuma dole da bonet a rufe, domin kafireto biyun Holley suna zaune ne a kan faffaɗan mazauni, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma ƙaton bakin shan iska na bonet sai ya zauna a kansu daidai. Na yanko bakin daga kayan Dart, na zana wurinsa a bonet ɗin Barracuda bayan injin ya zauna, ba kafin nan ba.

Wani yana iya cewa ga Hemi mai kyau a kwalin kamfanin Monogram, me zai hana. Yawancin nasu 1/24 ne, sun fi girma da kusan kashi 4 cikin ɗari. A taya ko kujera ba a cika lura ba. A ɗakin injin da dama can ya matse, wannan ƙarin shi ne bambancin bonet ya rufu ko ya tsaya a buɗe.

Wayoyin fulogi: a Hemi ta tsakiyar murfin kan injin suke shiga, huɗu a kowane gefe, kuma wannan ne ke sa a gane injin da kallo ɗaya. Wayar gaske milimita 7 zuwa 8 ce, a ma'auninmu kusan 0.3. Na huda ramuka takwas da mahuji na 0.4, ana juya shi da yatsu, domin na lantarki yana narka roba. Jerin tashin wuta 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, silinda masu lamba mara a gefen direba, masu cika a ɗaya gefen, mai raba wutar kuma yana gaban injin a karkace. Ba kowa zai ƙirga ba, amma wayoyin da aka bi jerinsu suna kwanciya yadda ido ya saba gani.

Kayan da suka zo da rufin ƙyalli, gam ba ya kama su sai an kankare wurin haɗin. Kafireto kuwa ba su da dalilin yin walƙiya kamar madubi, sai na jiƙa su a ruwan bilic na wanki har ƙyallin ya tafi, na ɗauraye. Za su sha fentin ƙarfe mai duhu.

Da la'asar, bodi. Na 1969 ne, ana son ya koma 1968. Alamun gefe, wato 'yan alamun haske da ke jikin fendojin gaba da na baya, na 1969 masu kusurwa huɗu ne, na 1968 ƙanana ne zagayayyu. Na goge alamun duka huɗu, na cike gurbinsu da supa gulu maimakon fila ta kwalba. Filar tana ƙanƙancewa idan ta bushe, bayan an yi fenti sai inuwar tsohuwar alamar ta dawo. Supa gulu ba ya haka, amma a goge shi cikin awa ɗaya, idan ya kwana ya fi robar tauri, samfefa ta cinye gefe ta bar shi a tsaye. Lamba 600, sannan 1000 da ruwa. Sababbin alamun yankan siririyar sandar roba ne, za a manna su daga baya. Gaban motar ma ya bambanta tsakanin shekarun biyu, wannan aikin wata rana ne, kuma ya fi na alamun wahala.

Cikin motar ba shi da yawa, domin ta gaske ma an kwashe mata kaya don rage nauyi. Babu kujerar baya, kujerun gaba ƙanana ne na motar kaya Dodge A100, batir yana but, gilasan ƙofa kuma da ɗamara ake jan su sama. Dashbod ɗin Barracuda na bari, kujerun daga Dart, wurin kujerar baya na rufe da fallen roba.

Tayoyi sun sami nasu gyaran kafin magariba. Baƙar robar taya mai laushi tana fitar da wani mai da ke narka rim idan sun daɗe a manne, don haka na shafa fenti a bakin kowane rim inda taya za ta zauna. Saman tayar an goge shi da lamba 400 don layin tsakiya ya ɓace, sheƙin sabunta ya mutu.

Na wanke bodin da sabulun wanke-wanke da tsohon burushin haƙori, saboda maiƙon hannu yana hana fenti kamawa. Ba a shanya shi a rana, zafi yana lanƙwasa ginshiƙan rufi. Fentin shimfiɗa mai ruwan toka na fesa daga nisan santimita 20 zuwa 25, hawa biyu marasa kauri, da minti goma sha biyar a tsakani. Hawa mai nauyi yana cin robar ta yi ƙuraje. Da gamawa na kife babban kwano a kansa saboda ƙura.

Motocin gaske a haka Hurst ta miƙa su, jiki da fentin shimfiɗa mai toka, bonet da fendojin gaba baƙaƙe saboda na faiba ne, kowane mai tsere ya je ya yi nasa fentin. Ina ganin a haka zan bar tawa. Gobe za a tura shasin cikin bodi a sake duba tayoyin huɗu a kan gilashi, sannan a yanke ramin bonet.