Godiya ga Waɗanda Suka Ceto Karatun Malam

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi, karatun Malam bai salwanta ba. Na san almajiransa da 'yan'uwa da dama sun kwana cikin zullumi tun da labari ya bazu cewa kwamfutar da na tara muryarsa a ciki ta mace, har wasu suka kira ni daga Gusau da Maraɗi suna yi min jaje. To, ku kwantar da hankalinku. Komai ya fito lafiya, ita ma kwamfutar ta tashi. Na rubuto ne in gode wa bayin Allah da aka yi abin ta hannunsu, in kuma faɗi yadda aka yi, don masu tambaya sun yi yawa, ba zan iya bin kowa da amsa ba.

Ga wanda bai san zancen ba: bayan rasuwar mahaifinmu Malam, Allah ya jiƙansa, na riƙa bin almajiransa ina aron kaset-kaset ɗin da suka naɗa na karatun zaure da tafsirin azumi, ina juye su cikin kwamfuta da manhajar Audacity. Kaset ba ya son gaggawa. Kaset ɗin C90 sai ka ba shi mintinsa 90 cur kana zaune. Ban matse muryar don ta rage cin wuri ba, a tsarin WAV na bar ta, inda minti ɗaya ke cin kusan megabait 10, kaset guda ya tasar wa megabait 900. Yawancinsu na mayar wa masu su, wasu kuma zarensu ya tsinke a juyin ƙarshe da aka yi musu. Irin waɗannan ba su da kwafi ko'ina a duniya sai a cikin laftof ɗin nan, wadda ni ma ta hannu na saye ta.

Ciwon nata da kaɗan-kaɗan ya faro, a ƙarshen hunturu. Fanka ta yi ta kuka, gefen hagu ya ɗau zafi, sai kawai ta ɗauke ɗif kamar an hure fitila, ba shuɗin allon da Windows ke nunawa idan ta samu matsala, ba gargaɗi. Ranar da ta ɗauke tana tsakiyar sabunta Windows, daga nan ba ta sake kai ni ga fayilolina ba. Kullum sai ta ce tana gyara kanta, ta kewaya ta dawo inda ta taso. Wani mai gyara a kusa da mu ya sa filashi zai ɗora mata sabon Windows, aiki ya fara tafiya, ta mutu a hannunsa. Ya sake, ta sake. Sai ya yanke hukuncin cewa faifan ajiyar ne ya cika da ƙwayar cuta, a share shi gaba ɗaya. Ba na riƙe shi a zuci, iya saninsa ya faɗa. Amma wannan ɗabi'a ta maida fomat, wato share faifai, maganin kowace cuta ta ci amanar mutane da yawa. Hotunan aure, kundin digiri, lissafin shago, duk sun bi ta nan.

Godiyata ta farko bayan ta Allah ga 'yar ƙanwata take, wadda ke karatun kwamfuta a Zariya. Uwarta ce ta ba ta labari, ta kira ni da daddare. "Kawu, don girman Allah kada ka bari kowa ya sake kunna ta. Ka ɗauko ta ka sa a jaka, ina nan tafe ranar Asabar." Da ta zo ba ta ko danna maɓallin kunnawa ba. Ta kifa ta, ta kwance murfin ƙasa, ta zaro faifan ajiyar, ta sa shi cikin wani ɗan gida mai wayar USB, ta haɗa da tata kwamfutar. Ta ce wanda ya sayar min ya raba faifan gida biyu, Windows a ɗaya, kayana a ɗaya, shi ya sa ɗorawar da aka yi ta gwadawa ba ta taɓa karatun ba. Da an bi shawarar sharewa gaba ɗaya, da yanzu wani zancen ake yi. Ta kuma ce mu gode Allah ba a kulle faifan da BitLocker, makullin faifai na Windows, ba, don da an kulle sai an nemo mabuɗinsa mai lamba 48, wanda mai sayen ta-hannu ba kasafai yake da shi ba.

Kafin ta kwashi komai sai da ta duba lafiyar faifan da manhajar CrystalDiskInfo, ya nuna launin rawaya, alamar wasu gurabe a jikinsa sun fara lalacewa. Saboda haka ta ce in nuna mata waɗanda kaset ɗinsu ya tsinke, da su ta fara, sannan saura. Kwana muka yi ana juyewa. A nan dole in ambaci maƙwabcina mai sola, wanda ya buɗe mana falonsa ya koma ɗakin yara ya kwanta, iyalinsa kuma ta aiko mana da shayi har sau ba adadi. Allah ya haskaka gidanku duniya da lahira.

Sai da karatu ya fita sannan aka koma kan marar lafiyar. Wani dattijon injiniya aka kwatanta min a wajen titin Beirut a nan Kano. Ya hana ni kama sunansa, ni kuwa ba zan saɓa masa ba. Abin da ya fara burge ni, bai taɓa sukurudireba ba sai da ya gama yi min tambayoyi. Tana nuna shuɗin allo kafin ta mutu, ko ɗaukewa kawai take yi? Da safe ta fi daɗewa ko da rana tsaka? A kan me nake ɗora ta? Na ce a kan darduma, kusa da rediyon kaset. Ya ce, "Malam, ai ta ƙasa take numfashi."

Duk da haka bai tsaya a zato ba. Ya canza caja, ta mutu. Ya cire batir ya bar ta da caja kaɗai, ta mutu. Sannan ya sa yaronsa ya buɗe cikinta. Tsakanin fanka da siraran haƙarƙarin ƙarfen da iska ke bi ta fita, ƙura da zaren darduma sun dunƙule sun toshe hanya ruf. Man da ake shafawa tsakanin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da bututun jan ƙarfen da ke janye zafi ya bushe ya farfashe. Ya yi min bayanin da ya zauna min: furosesa idan zafinta ya doshi digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, da kanta take yanke wuta don kada ta ƙone. Ɗora Windows kuwa aiki ne mai nauyi, dubban fayiloli ake warwarewa a jere ba hutu, shi ya sa kullum a wannan gaɓar take faɗuwa. Babu wata ƙwayar cuta a zancen. Suka share da buroshi da abin hura iska, yaron ya danne fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima, aka goge tsohon man aka ɗiga sabo.

Na ɗauka an gama. Mutuwar dai ta daina, amma da aka sa filashi, ɗorawa ta yi nisa sai ta tsaya da lambar kuskure 0x8007025D. Injiniya ya ce wannan lambar yawanci ɗayan uku take nufi: ko filashin, ko faifan, ko RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a kanta. Ya sake haɗa wani filashin Windows da manhajar Rufus, lambar ta dawo. Ya sa sabon faifai irin na SSD a madadin tsohon faifan, ta dawo. Saura ɗaya ke nan. Ya tayar da MemTest86, manhajar gwada RAM, ba a jima ba jajayen layukan kuskure suka fara sauka. Sandunan RAM biyu ne a ciki masu gigabait 4 kowanne, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya gano mai laifin ya cire. Wato cuta biyu ce ta haɗu a jiki ɗaya, ta farkon ta rufe ta biyun, domin kwamfutar ba ta taɓa rayuwa ta kai inda ta biyun za ta bayyana ba. Wannan ne ya sa na ce haƙurin mutumin nan ya fi kayan aikinsa daraja. Wani da ya ga lambar nan bayan ya share fanka, cewa zai yi uwar allon ce ta tafi, in je in sayi wata.

Akwai ƙaramin cikas da ya biyo baya. SSD ɗin an taɓa tsara shi a tsohon tsarin MBR, filashin kuma ta sabuwar hanyar tashi ta UEFI ya tashi, wadda sabon tsarin GPT take nema, sai ya ƙi karɓa. Wannan cikin minti kaɗan ya share ya juya shi, tunda babu komai a kai.

Inda na ƙara ganin gaskiyarsa shi ne kan wane Windows za a sa. Furosesar tawa Intel ce ta ƙarni na 6, Windows 11 kuwa daga na 8 yake karɓa a hukumance, ga sharaɗin samun na'urar tsaro ta TPM 2.0. Ya ce akwai dabarar tsallake shingen, ana yi, amma ba ya son ya ɗora min abin da ba shi da tabbacin zai riƙa samun sabuntawa. Ya kuma faɗa min ƙarara cewa tallafin Windows 10 ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025, don haka in rage yawo da ita a intanet, harkar banki kuma in bar wa waya. 'Yar ƙanwata ta so a sa Linux Mint a madadin Windows, har suka ɗan yi musu mai daɗi. Ni na zaɓi Windows 10, saboda da shi hannuna ya saba wajen rubutun Larabci, kuma aikin kaset ba ya bukatar intanet.

Da za a gwada lasifika, karatun Malam aka kunna. Injiniya ya saurara har aka kai aya, sannan ya ce kuɗin kaya kawai zai karɓa, ladan aikin a kai kabarin mai muryar, shi dai a zuba masa nasa a memori. Ranka ya daɗe, Allah ya sa wannan a mizaninka, ya albarkaci shagonka da zuriyarka. Yaron shagon ma ina yaba masa. Kowace kusa ya cire sai ya ajiye ta a kan takarda daidai gurbinta, da aka rufe ko ɗaya ba ta yi saura ba.

Kuɗin SSD da sandar RAM da aka musanya wani tsohon almajirin Malam ne ya biya, ya ce in na faɗi sunansa ba zai yafe min ba. Hajiya kuwa, tun ranar da ta ji ba ta tambaye ni komai ba, addu'a kawai take bi na da ita duk safiya idan na shiga gaishe ta. Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. Mai ɗakina ta sha fama da mutumin da aka ajiye wa tuwo ya huce bai sani ba, na gode. Waɗanda suka kira, da waɗanda suka turo shawara ko da ba a yi aiki da ita ba, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Yanzu karatun yana wuri uku: faifai ɗaya a hannuna, ɗaya wajen Yaya Babba, ɗaya a Zariya. Ana kan mayar da shi MP3 don ya shiga waya, mai so ya zo da memorinsa bayan sallar la'asar, ba a biyan ko kwabo. Har yanzu akwai giɓi a tafsirin, musamman goman ƙarshe na wasu shekarun. Duk wanda ke da kaset ɗin Malam a akwati, don Allah kada ya gwada shi a tsohuwar rediyo, tana iya cinye zaren. Ya aiko min da shi yadda yake, ko ya kira in zo in karɓa.

Wassalam.