Sana'ar haɗa firintar 3D da gyaranta a Kano

Shagona ƙarami ne, kuma aiki biyu muke yi a cikinsa. Muna buga wa mutane ƙananan kayan roba da firintar 3D, muna kuma haɗa na'urar da gyara ta ga masu son mallakar tasu. Yawancin abin da ake kawo mana abu ne da ya karye wanda ba a sayar da shi shi kaɗai a kasuwa: maɓallin fanka, giyar roba ta bilenda, 'yan maƙalan da ke riƙe dashbod ɗin mota. Sai ɗalibai masu aikin kammala karatu, da masu zanen gine-gine da ke son nuna wa mai gida ƙaramin samfurin gidansa kafin a haƙa tushe.

Aikin na'urar ba shi da wuyar ganewa. Tana jan zaren roba mai kaurin milimita 1.75, ta narkar da shi a cikin kai mai zafi, ta fitar da shi ta baki mai faɗin milimita 0.4, tana shimfiɗa shi layi bisa layi kamar yadda magini ke ɗora jerin bulo. Wani Ba'amurke, Scott Crump, shi ya ƙirƙiro dabarar, ya nemi rajistarta a 1989, kuma sai a 2009 wa'adin mallakar ya ƙare. Kafin nan, a 2005, Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara aikin RepRap, wato na'urar da za ta iya buga wasu sassan 'yar'uwarta, ya kuma saki zanenta kyauta ga kowa. Daga wannan tsatson ne Josef Prusa na ƙasar Cek ya fitar da Prusa i3 a 2012, kuma tsarinta muke bi a shagona har yau. A nan kusa da mu ma, a Lome ta ƙasar Togo, Kodjo Afate Gnikou ya haɗa tasa a 2013 daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci.

Matasa kan tambaye ni ko haɗawa ta fi saye arha. A yau ba ta fi ba. Na'urorin da ake shigowa da su daga Sin sun karya farashi, kuma idan ka tara kuɗin sassa ɗaya bayan ɗaya za ka tarar ka kashe kusan haka ko fiye. Duk da haka ina matsa wa duk wanda ke son cin abinci da wannan aiki ya haɗa ko guda ɗaya ce da hannunsa. A nan ba mu da wakilin kamfani da za a kai wa na'ura idan ta tsaya, kuma ɗan abin da ka yi oda daga waje sai ya yi makonni a hanya, mai kaya kuwa yana jiran aikinsa. Wanda ya ɗaure kowane noti da kansa, da ya ji sautin na'urar ya canja ya san inda zai duba.

Firam shi ne farkon komai, kuma nan ne masu fara koyo suka fi yin tsumulmula. Suna zuba kuɗi a allon lantarki mai tsada, su yi firam da falankin da ke lanƙwasa. Ni sandar alminiyam mai milimita 20 a kowane gefe nake amfani da ita, ina auna kowace kusurwa da sikwayar kafinta kafin in ɗaure. Idan ka kama saman firam ka girgiza ka ji yana rawa, wannan rawar za ta fito a jikin duk abin da ka buga, kuma babu wani saiti a kwamfuta da zai ɓoye ta. Ana samun sandunan ƙarfe masu santsi, waɗanda kan na'urar ke zamewa a kansu, a cikin tsofaffin firintocin takarda da injinan fotokofi, amma ka mirgina kowace a kan gilashi tukuna, wadda ta yi tsalle ka ajiye ta. Injinan juyi kuwa gara ka sayi sababbin NEMA 17, domin na cikin tarkace ba safai ƙarfinsu ke zuwa ɗaya ba.

Akwai ɗan lissafi da nake sa kowane yaron shago ya haddace. Injin NEMA 17 yana taku 200 kafin ya zagaya sau ɗaya. Ɗan allon A4988 da ke tuƙa shi yana raba kowane taku gida 16, ya zama 3200. Fuli mai haƙora 20 a kan bel ɗin GT2 yana jan milimita 40 a zagaye guda. Ka raba 3200 da 40, ka sami 80, wato taku 80 a kowace milimita, lambar da za ka saka wa Marlin, manhajar da ke sarrafa na'urar, ke nan. Idan ka buga ɗan akwatin gwaji na milimita 20 ya fito a karkace ko bai cika ba, kada ka yi saurin taɓa wannan lambar, domin lissafi ne, ba ya sauyawa. Duba bel ko ya saki, duba 'yar kusar da ke riƙe fuli a jikin injin. Sau da dama wannan 'yar kusar ce kawai.

Layin farko shi ke yanke hukuncin aikin. Muna saka farar takarda tsakanin baki da faranti mai zafi da ake buga aiki a kansa, mu daidaita kusurwa huɗu har takardar ta riƙa ɗan kamawa idan an ja ta, kuma da zafi ake yi, ba da sanyi ba, saboda ƙarfe yana buɗewa. Idan ka sunkuya ka kalli layin da ya yi daidai, za ka ga ya ɗan baje, kowane zare ya manne da na gefensa, ba rata a tsakani. Idan ya fito a mulmule yana bin bakin, tazarar ta yi yawa. Idan ya yi siriri har kana hango gilashin farantin, kana kuma jin giyar da ke tura zare tana ƙas-ƙas, ta yi kaɗan. Goge farantin da sifirit, kada ka dafa shi da hannu mai maiƙo.

Abin da jagororin Turai ba sa faɗa mana shi ne yanayinmu. Robar PLA, wadda ta fi sauƙin bugawa, ana buga ta a wajen digiri 200, amma tun daga wajen 60 take fara laushi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai wa 40, fankar da ke sanyaya wuyan kan ba ta iya wa aikin, sai zaren ya yi laushi tun bai isa wurin narkewa ba, ya kumbura ya toshe hanya. Na'urar za ta ci gaba da yawo a iska ba abin da ke fita. Su ma allunan A4988 idan suka yi zafi sukan ɗauke na ɗan lokaci, sai ka ga rabin aikin ya goce gefe. Shi ya sa muke ƙara fanka a kan allon, dogayen ayyuka kuma mu bar su sai dare. Duk abin da zai zauna a mota ko a rana ba na buga shi da PLA ko mai kaya ya nace. Nakan ce masa: "Alhaji, wannan ba zai kai la'asar a dashbod ba." Robar PETG mai jure zafi nake sa masa, wadda ake bugawa a wajen digiri 240.

Da damina zare yana shan danshi. Za ka ji yana ɗan fashe-fashe a baki, aikin ya fito da gashi-gashi. Muna ajiye shi a bokiti mai murfi tare da ƙwayoyin silika irin na cikin kwalin sabon takalmi. Da hunturu kuma ƙura ce, sai mu maƙala ɗan soso a jikin zaren ya riƙa share shi kafin ya shiga, mu goge sanduna mu sa musu mai, mu kare na'urar daga iskar da ke ɗaga kusurwar aiki daga faranti.

Maganar wuta gajeriya ce: kada ka fara wannan sana'a ba ka da inbata da batir. Aiki ɗaya yakan ci awa goma, kuma ko da Marlin na iya ci gaba daga inda aka tsaya, idan farantin ya huce aikin yakan ɓalle. Bayan ta ɗau zafi, ƙaramar na'ura ba ta cika wuce wat 150 ba, don haka sola matsakaiciya tana ɗaukarta.

Inda ba na sassauci shi ne kariyar gobara. A cikin Marlin akwai saitin da ke kashe wuta idan ma'aunin zafi ya zame daga mazauninsa alhali hita na ci gaba da ci. Wasu na'urori masu arha sun zo da shi a kashe, kuma na ga masu haɗawa suna kashe shi da gangan don yana katse musu aiki. Duk na'urar da ta shigo shagona, shi nake fara dubawa, sannan wayoyin farantin zafi, waɗanda suka fi kowace waya jan wuta. Kada a shafa wa bakin wayar darma a cusa ta ƙarƙashin kusa, domin darma tana saki a hankali, wurin ya yi zafi ya ƙone. Kada kuma a zare wayar injin juyi na'urar tana kunne, allon da ke tuƙa shi yana iya mutuwa nan take.

Kuɗin aiki ina lissafa shi da nauyin roba, da awannin da na'urar ta yi, da lokacin zane. Na ƙarshen nan shi ne mai yawa, kuma shi ne masu kaya ba sa gani. Giyar da za ta bugu cikin rabin awa, sai an auna karyayyiyar, an zana ta a manhajar zane ta FreeCAD, an ƙara wa raminta kamar milimita 0.2 saboda rami yakan fito a matse, an kuma kwantar da ita yadda ƙarfin aiki ba zai raba layukan ba. Shi ya sa nake roƙon mai kaya ya zo da duk gutsattsarin abin da ya karye, har da wurin da yake shiga in zai ɗauku.